Shekara Ashirin da Biyar Bayan Issufu Mai Tsirkiya Uku

Da kakar bana Yaya Issufu ya cika shekara ashirin da biyar a ƙasa. Jariran da aka raɗa wa suna a Mallawa a makon da muka yi zaman makokinsa, yau wasunsu sun yi aure har da ƴaƴa. Masu karatu da suka manyanta sun san shi da Ɗan Mallawa mai jita, wanda rediyo ke tashin gari da muryarsa. Ni kuwa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya ɗora ni a bayan kekensa ranar da aka fara kai ni lakwal, wato makarantar boko. Na yi aikin koyarwa har na ajiye alli, yanzu ina zaune a Magarya cikin jikoki.

Duk wanda ya tashi ba da labarinsa, a tashensa na farko yake tsayawa: ƙwat da lakitai, orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, a Yamai, fayafayan garmaho, ma'aikata suna rawa da matansu. Duk an yi wannan, ba ƙarya. Amma ni abin da ya biyo baya nake son in faɗa, domin shi da bakinsa yakan ce sai da aka gama yi masa jaje sannan ya fara waƙa.

A farkon shekarun saba'in ne abin ya faru. Suna dawowa daga wasa a Maraɗi, kamiyon da ya ɗauko su ya kife, akwatin kayan kiɗa ya danne masa hannun hagu. Lokotoro, wato likita, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma sai da aka cire yatsu biyu na tsakiya. Hannun hagu kuwa shi ne mai danna tsirkiya. Ƴan orkes suka jira shi wata da watanni, daga baya Salisu mai busa begila, amininsa tun suna samari, ya karɓi jagoranci, suka ɗauki wani mai jita. Ban taɓa ganin laifinsu ba, kowannensu yana da bakunan da yake ciyarwa. Yaya ya tattara kayansa ya dawo Mallawa.

Ya dawo a mummunan lokaci. Shekarun fari ne. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, gyaɗar da ƙasarmu ke taƙama da ita ta ƙi, rumbuna suka zama wurin kwanan ɓeraye. Samari suka yi ta tsallaka iyaka, wasu Kano, wasu har Legas, garuruwa suka koma na tsofaffi da mata. A lokacin ina koyarwa a Dungas, nakan zo gida ƙarshen mako in tarar da shi zaune a zaure, hannun nan cikin aljihu. In aka sa tsohuwar waƙarsa a rediyo, maƙwabta sukan rage murya don kara. Jitar kuma tana rataye a ɗakin Inna, an lulluɓe ta da tsohon zane. Mutumin da ke cika fili da dariya ya koma in ka gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai.

Wanda ya tashe shi wani Bafillace ne daga wajen Kwaya, ana ce masa Gidado. Dattijo ne mai furfura, fari ya cinye masa garke kaf, bai bar masa komai ba sai sanda da sarewa. Ranar kasuwar Mallawa yakan zauna gefen masu sayar da igiya yana busa, ba ya roƙon kowa. Wata ranar kasuwa na lallaɓi Yaya ya raka ni sayen kanwa, sai ya ji busar, ya tsaya cak. Da Gidado ya sauke sarewar, Yaya ya tsuguna ya ce, "Baffa, wa kake busa wa, tunda shanun sun tafi?"

Gidado ya dube shi ya ce, "Shanu ne suka mutu, ɗana, bakina bai mutu ba. Kowace saniya da busarta. In na bari, sai in manta su."

Muka iso gida. Ya shiga ɗakin Inna, ya sauko da jitar, ya kakkaɓe ta, ya shiga kwance tsirkiyoyinta. Inna ta ce, "Issufu, lalata ta za ka yi?" Ya ce, "Daidaita ta zan yi da hannuna, Inna." Cikin shida ya cire uku, ya ɗaure sauran ukun irin ɗaurin molo.

Kada mai karatu ya zaci daga nan daɗi ya fara. Watanni aka yi abin da ke fitowa daga zauren nan ba ya sauraruwa. Ɗan ƙaramin yatsansa, wanda da can ba ya wani aikin kirki, ya kumbura ya fashe, ya warke ya sake fashewa. Akwai masu cewa haɗarin ya taɓa masa kai. Gidado ne kaɗai ke zuwa kullum ya zauna kusa da shi yana busa, Yaya yana bin sarewar a hankali kamar mai koyon tatata. Ana nan sai Gwaggo Mairo, ƙanwar babanmu, wadda ita ce uwar masu kiɗan ƙwarya a garinmu, ta leƙo wata rana ta ce, "Ɗana, kiɗan nan naku yana da daɗi amma ba shi da ƙashin baya." Washegari ta zo da ƙawayenta, suka kifa ƙoruka a kan ruwa cikin kwatanniya suka hau kaɗawa. Ruwa yana da tsada a shekarun nan, in an gama sai a ba awaki su sha. Ni ma da na zo hutu aka ja ni cikin ƴan amshi, duk da ana ganin bai dace da malamar lakwal ba.

A zauren nan aka haifi waƙar da ta fi dukkan waƙoƙinsa tashe. Duk ɗan ƙasarmu ya san gawo, icen da ke tsayawa kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Yaya ya ɗauke shi ya yi wa waɗanda suka tafi kira da shi:

Gawo bai gudu ba, ni ma ina nan,
Ɗan'uwa dawo, gonarka na tambaya.

Da farko a gidajen suna da biki muke yi, a Mallawa da ƙauyukan kewaye, mu tafi a amalanken jaki. Matan da mazansu ke can kudu sukan yi amshi suna share hawaye da gefen mayafi.

Bayan ƴan shekaru aka yi shelar gasar kiɗa da waƙa a Damagaram, kowane yanki zai tura wakilai. A lokacin Mallawa da Dungas duk suna ƙarƙashin Magarya. Jama'a suka ce Ɗan Mallawa za a tura. Jami'in da aka ɗora wa shirya tawaga ya zo ya kalle mu, ya ja tsaki. Ya ce sauran yankuna za su zo da kayan kiɗan zamani, shi ba zai kai naƙasasshe da tsofaffin mata da ƙoruka a yi wa Magarya dariya ba. A gabanmu ya faɗa. Na ga hannun Yaya ya nufi aljihu, sai Gwaggo Mairo ta riƙe shi. Dattawan gari suka taka har Magarya suka ce in ba shi ba, to babu mai zuwa. Dole jami'in ya haƙura, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ranar gasar, bayan la'asar, fili ya cika ya batse. Tsohuwar orkes ɗin Yaya ce aka gayyato daga Yamai ta buɗe taro, Salisu a gaba, kaya iri ɗaya, begila tana walƙiya. Suka yi ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin Yaya, aka yi ta tafi. Da aka kira Magarya, muka hau da kwatanniyoyinmu a ka, Gidado yana dogara sanda. Dariyar da jami'in ya ji tsoro kuwa aka yi ta, har da masu fito. Yaya ya matso gaban abin magana, ya ɗaga hannun hagunsa sama, ya buɗe shi yadda kowa zai gani. Fili ya yi tsit. Ya ce, "Ga abin da hanya ta bar mini. Ku ma fari ya bar muku wani abu. Ku ji abin da ake yi da saura."

Gidado ya fara, busa siririya mai tsawo irin ta kiran garke. Ƙoruka suka shigo da nauyinsu, kana jin su a ƙirji. Sannan tsirkiya uku suka ɗauka, sauti ne da ba na jita ba, ba na molo ba, wanda ba a taɓa ji ba sai ranar. Kafin mu maimaita amshi sau biyu, jama'a sun ƙwace shi daga bakinmu. Na ga ƴan dako da ƴan tebur, waɗanda su ma fari ne ya koro su birni, suna waƙar da hannu a ka. Muna tsakiya sai na ji begila a bayana. Salisu ne ya hau ba wanda ya kira shi, yana bin Gidado, hawaye yana zuba a kan ƙwat ɗinsa. Da aka gama ya rungumi Yaya ya ce, "Issufu, mu muna ta yin waƙarka ta jiya, ashe kai ka yi gaba." Alƙalai ba su ɓata lokaci ba. A kafaɗa aka sauko da Yaya, Gwaggo Mairo tana rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe.

Gidan rediyo ya ɗauki waƙar, daga nan kaset ya ɗauke ta ya tsallaka da ita iyaka. Direbobi suka riƙa sa ta daga Ɓaɓura har Kano. Da bazara ta kama, na ga da idona mota ta tsaya a kasuwar Mallawa, samari suna dirowa da ƙunshin kayansu suna rera amshin gawo, iyayensu mata suna gudu babu takalmi. Ba zan ce waƙa ce kaɗai ta dawo da su ba. Allah ya dawo da ruwa, kewar gida ma tana cin su. Amma da yawa sun faɗa mini cewa a rumfar mai shayi suka ji ta, abinci ya ƙi shiga, suka tashi suka nemi mota.

Aka yi ta roƙonsa ya koma Yamai, ya ƙi. Yakan je ya yi wasa, har Kano da Agadas, amma damina a gonarsa take samunsa. Ya yi wa maginan rijiya waƙa, ya yi wa ungozoma, ya yi wa matan da ke ƙuli. Da ya fara samu, karsana biyu ya saya wa Gidado, kuma kafin tsohon ya rasu ya sake ganin garke a ƙofar bukkarsa. Zaurenmu ya zama makaranta, duk mai son koyo ya zo, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Haka ya yi ta yi har ciwon da ya ɗauke shi, bayan an gama ɗaurin dammunan gero.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƴan kabu-kabu suna wucewa da waƙa a salula, muryar mawaƙi ta bi ta na'ura ta fito sumul kamar ba ta ɗan'adam ba, yaro ɗaya a ɗaki ya haɗa kiɗan da a da sai mutum goma. Tsararrakina suna cewa da yana raye da baƙin ciki ya kashe shi. Ni ban yarda ba. Shi ma ai an zage shi lokacin da ya ɗauko jita, aka ce ya bar kiɗan iyaye ya kama na Nasara. Yakan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na tabbata da zai zauna kusa da yaran nan ya ce su nuna masa inda ake dannawa. Abu ɗaya na san zai yi faɗa a kai, shi ne yin waƙa kai kaɗai. A wurinsa waƙar da ba ta da wurin da jama'a za su shigo su amsa, ba ta gama dahuwa ba. Kuma da ya ga samarinmu har yanzu suna cika motoci, wannan karon har da masu nufar hamada, da ya sake ɗaura tsirkiya.

Me ya rage nasa? Fayafayan garmaho sun farfashe, kaset-kaset ɗin sun shuɗe, hotunansa ƙalilan ne. Amma daga Dungas zuwa Magarya za ka sami masu jita da ke cire tsirkiya uku da gangan alhali yatsunsu cikakku ne, suna cewa ɗaurin Mallawa ke nan. Jikokin Gwaggo Mairo suna kaɗa ƙwarya a gaban abin magana ba tare da kunya ba. Gonakinmu kuwa sun cika da ƴaƴan gawo da manoma suka daina sarewa.

Bara na je bikin ƴar wata tsohuwar ɗalibata a Dantchiao. Mata suna daka a tsakar gida, sai na ji sun ɗauko amshin gawo, sun ƙara masa baitocin da ban taɓa ji ba. Na kira wata budurwa da ta fi kowa zaƙin murya, na ce, "Ƴata, waƙar wa ce wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, ai ba ta kowa ba ce. Ta gargajiya ce, da ita kakanninmu suka tashi." Na buɗe baki zan gyara mata, kamar yadda na saba yi wa yara a aji, sai na fasa. Na ce ta ba ni taɓarya, na shiga layi muka ci gaba da amshi.

Allah ya jiƙan Yaya Issufu, da Gidado, da Gwaggo Mairo, ya sa inuwar da suka bar mana ta zame musu inuwa a can.