Katafilolina da Yafiyar Bi'ir Ali

Wani tattabaru yake tarawa, wani tsofaffin butocin gahawa. Akwai wani ɗan Cadi a unguwarmu da ya cika ɗaki guda da rediyoyin da ba sa magana. Ni kuwa da katafila Allah ya jarabce ni. Ba sababbin nan masu gilashi da sanyi a ciki ba, waɗanda ko wa ya danna maɓalli sai su tashi. Tsofaffin nake nufi, taraktocin nan masu tafiya a kan sarƙa, waɗanda direba ke zama a fili rana na dukansa, sanduna biyu a gabansa, ya ja ta dama ta juya dama, ya ja ta hagu ta juya hagu. Matata takan ce duk mai hankali sayar da tsohon ƙarfe yake yi, ni kaɗai ta gani ina kwasowa.

Gado na yi. Mahaifina direban irinsu ne a gonakin auduga na Sudan, inda aka haife ni, kuma warin dizal da ƙura a jikin rigarsa shi ne abin da na fi tunawa da shi. Na zo Madina ina saurayi, na kama aikin gyaran manyan motoci a wata warsha, na yi aure, na haifi 'ya ɗaya, gemuna ya yi fari, har yau da iƙama, takardar izinin zama, nake zaune. Mai iƙama kuwa baƙo ne ko da haƙoransa sun zube a garin. Ba shi da fili, ba shi da kango, in ya sami babban abu sai ya nemi inuwar ɗan ƙasa ya ajiye.

Tawa inuwar aminina ne. Bahaushe ne shi ma, amma kakansa ne ya zo da ƙafa tun zamanin da, suka sami jinsiyya, wato suka zama 'yan ƙasa, suka kuma sami lambun dabino a Ƙuba, wanda ya faɗo hannunsa ta gado. Injin ban ruwa ya kawo mini gyara muka saba. Hausarsa rabi Larabci ce, ina yi masa dariya, shi kuma yana ce mini Basudane mai shan shayi kamar raƙumi. Mun ci a faranti ɗaya shekara da shekaru. Shi ya yanka ragon sunan 'yata da hannunsa, ni kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifinsa.

Katafilata ta farko a Khaibar na same ta. An tura ni duba injin wata rijiya, ina zagayawa bayan gona sai na hango ta a gindin dabino, ƙasa ta binne sarƙarta har rabi, wata akuya ta yi ɗaki a ƙarƙashinta. Irin ta mahaifina ce sak, mai ƙaramin injin fetur a gefe wanda ake ja da igiya, shi kuma ya tayar da babban. Mai gonar ya ce in zan iya ɗauka in ɗauka, ya gaji da ganinta. Nan take na kira aminina na ce na sami abu amma ba ni da wurin sawa.

"Kawo bustan, ya akhi," ya ce, yana nufin lambun. "Bustanina naka ne. Har sai ka tambaya?"

Wani dattijo a warsha ya ce in kira mutum biyu su shaida cewa tawa ce. Na ce masa mutumin da na ɗauki gawar ubansa ba zan kira masa shaidu ba, zagi ne. Haka muka taso, amana da baki ake ba da ita.

Gyaranta ya ci ni shekaru. Injin ya daskare, sai da na yi ta jiƙa shi da dizal da baƙin mai ina lallashinsa kafin fistin ɗaya ya yarda ya motsa. Kayanta babu su a kasuwa. Wasu na sa aka feƙe mini a wurin masu injin feƙe ƙarfe, wasu kuwa alhazai ne suka taho mini da su daga Sudan a cikin jaka, tsakanin kuɓewa busasshiya da turare. Ranar da ta tashi, na ja igiya ƙaramin ya kama, na ba shi lokaci ya ɗumama babban, na tura sanda, sai ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta ɗauki rugugi har tattabarun lambun suka watse. Na zauna a kujerarta na yi kuka kamar yaro. Aminina yana ƙasa yana tafi yana cewa masha Allah, shi ya ma raɗa mata suna Tsohuwa.

Daga baya na ƙara biyu. Ɗaya a gefen hanyar Khaibar na tsince ta, mai ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai, ɗayar kuma 'yar ƙarama ce, siririya, da aka yi don shiga tsakanin itatuwa. Muka kafa musu rumfar kwano a kusurwar lambun. Kowace Juma'a bayan la'asar ina can, in tayar da su ɗaya bayan ɗaya, in zaga da su, in cusa giris a sarƙa, don irin wannan ƙarfe in ya daɗe bai motsa ba mutuwa yake yi. Ba zaman banza suke yi ba kuma. Da su na tumɓuke masa kututturen dabinon da suka mutu, da su na yi masa huɗa, na gyara masa hanyar ruwa. A duk ƙasar nan su kaɗai ne abin da nake nunawa da yatsa in ce nawa ne.

Sai babban ɗansa ya gama karatu ya dawo da dabara. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ya ce masu ziyarar Ƙuba sun yi yawa, in aka buɗe wurin shan gahawa a cikin lambu za a samu. Wata Juma'a ya tsaya yana kallon rumfata ya ce, "Ya ammi, wannan khurda har yaushe?" Tarkacen ƙarfe yake nufi. Na yi dariya na ce wannan khurdar ta girmi ubansa kuma ta fi shi lafiyar gwiwa. Uban ma ya yi dariya, ban sa komai a raina ba.

Da Hajji ya matso, kamar kowace shekara, aka kwashe mu makanikai aka kai mu Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke tsayawa a ɗauki harami. Wannan lokaci ba Juma'a ba Asabar, daga ƙarƙashin wannan bas sai ƙarƙashin waccan. Makonni ban leƙa lambu ba. Na roƙi aminina ya kifa gwangwani a bakin bututun hayaƙin kowace, kada ƙura ta shiga, ya ce in kwantar da hankalina.

A shekarar shi ma ya yi niyyar Hajji. Rannan da hantsi ina kwance ƙarƙashin wata bas sai na ga ƙafafu cikin silifa sun tsaya kusa da kaina. Na fito, sai ga shi cikin harami fari fat, ya bi layin motoci yana tambaya har ya same ni. Na ce kada ya taɓa ni, duk jikina baƙin mai ne. Ya kama hannuna biyu ya riƙe, idonsa ya cika da hawaye.

"Ya akhi, ga ni zan tafi, ban sani ba ko zan dawo. Zama ya daɗe tsakaninmu. Samihni. Ka yafe mini duk abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba."

Wa bai san wannan magana ba? Duk mai tafiya Hajji yana faɗarta, ga uwa, ga mata, ga maƙwabci, kuma ba a tambayar mai harami me ya yi. Amsa ɗaya ce.

"Haba Alhaji, me ka taɓa yi mini in ba alheri ba? Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, ka sa ni a addu'a a Arfa."

"Duniya da lahira?" ya sake tambaya.

"Duniya da lahira," na ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sake ni, ya tafi da shatin yatsuna baƙi a bayan hannunsa. Na tsaya ina kallon motarsu har ta hau titin Makka, ina jin daɗi a raina cewa duk cikin cunkoson nan sai da ya neme ni.

Da motocin ƙarshe suka wuce aka sallame mu, Juma'ar farko na ɗauki gwangwanin giris na nufi Ƙuba. Tun daga nesa na ga an canza ƙofa. Na shiga, na nufi kusurwar rumfa, babu rumfa. An shafe wurin da siminti, an ja farin layi na ajiye motoci. A jikin katanga akwai baƙin tabo na wutar walda, a ƙasa kuma na tsinci ƙusar sarƙa guda, an yanke ta biyu.

Mai ban ruwan lambun, wani dattijo ɗan Cadi, ya zo ya tsaya nesa da ni yana murza hula. Ya ce masu sayen tsohon ƙarfe ne suka zo da tukunyar gas, suka yanka biyun gunduwa-gunduwa suka loda. Na tambaye shi yaushe. Ya ce tun kafin maigida ya tafi, da kwanaki. Na ce maigidan yana nan aka yi? Ya ce yana zaune a kan kujera can, shi ya nuna musu ta inda mota za ta shigo.

Tsohuwa kuwa na wuce ta a bakin ƙofa ban gane ta ba. Sun ɗora ta a kan dakali, sun zuba siminti ya kama sarƙarta, sun shafe ta da fenti mai sheƙi har kan giris, sun naɗe ta da ƙananan fitilu masu launi. A bututun hayaƙinta an soka furen roba. Na ɗaga murfin injin, sai na hango ƙasa ta ciki. Babu babban, babu ƙaramin, sun ciro sun haɗa wa masu ƙarfe, wai kada mai ya ɗiga ya ɓata dakali. A gefe an kafa allo da Larabci, cewa wannan ita ce taraktar kakan gidan, da ita ya fara noma wannan lambu. Kakan da ko keke bai taɓa hawa ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu baƙi biyu suka roƙe ni in matsa za su ɗauki hoto, na matsa.

Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma ba ƙarfen ne ya fi ƙona ni ba. Riƙon hannun nan ne na Bi'ir Ali. Ashe da ya bi layin motoci yana nemana, ya san abin da ya baro a lambu.

Da ya dawo na je yi masa barka, don ba a ƙin zuwa. Falo cike da mutane, ana zagayawa da zamzam da dabino. Na jira aka ragu, na matsa kusa da shi na ce na je lambu.

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Yaran ne suka matsa, ya akhi. Baladiyya ma, hukumar gari, ba za ta ba da izini ba da khurda a wurin. Kuma ai Tsohuwa tana nan, an ma gyara ta."

"Me ya hana ka faɗa mini in nemi inda zan kai su?"

"Ina za ka kai su? Kana da wuri ne?"

Na haɗiye wannan. Na ce, "To a Bi'ir Ali fa? Me ya sa ba ka faɗa ba kafin ka nemi yafiya?"

"Da na faɗa ai da ba ka yafe ba," ya ce, "ni kuma ga Hajji a gabana. Khalas, ka riga ka yafe, duniya da lahira. Da bakinka ka faɗa, sau biyu."

Muryata ta fara tashi, sai dattawan da suka rage suka taso mini. Wannan ya ce a Madina ba a ɗaga murya, mu maƙwabtan Manzo ne. Wancan ya ce yafiya ba a janye ta, kuma mutum ya dawo daga Arfa fes, kada in ɗauki zunubi a kan ƙarfe. Aka miƙo mini kofin zamzam. Na sha, don ruwan bai yi mini laifi ba, na sa takalmina na fita, ban sake taka gidan ba.

Wani malami ɗan Nijeriya da ke karatu a jami'a, wanda muke sallah tare, ya ce mini malamai sun yi magana a kan irin wannan yafiya da aka karɓa a rufe, in ina so zai duba mini. Na gode masa na ce ya bari. Ko ya duba, ba zai mayar da inji cikin Tsohuwa ba. Hanyar Ƙuba ma na daina bi ta wannan layin, sai in zagaya.

Na ɗauka abin ya tsaya a nan, sai bara da 'yata za ta tafi Umra tare da mijinta. Muka raka su Bi'ir Ali ni da uwarta. Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta taɓa saɓa mini ba. Da za su shiga mota ta dawo da gudu, ta kama hannuna biyu ta riƙe, ta ce, "Samihni ya Baba, ka yafe mini."

Kafin in san abin da nake yi na ji bakina ya ce, "Me kika yi?"

Ta sake hannuna a hankali. Ta dubi uwarta, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na yi maza na ce na yafe, na yafe duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka, har na bi motar ina faɗa ta taga. Ta gyaɗa kai, amma har suka hau titi tana share fuska da gefen mayafi.

Muka kama hanyar komawa gida har muka kusa unguwa. Sannan matata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Katafila uku na san aminin nan naka ya ɗauka. Ban san ya haɗa da wannan ba."