Allon Sunayen Tonton Minit

Cikakken sunansa Moukouri Ndedi Théophile, mai gyaran agogo a bakin kasuwar Deido, cikin birnin Duwala. Na san shi a watan Maris na shekarar 2003, ranar da ya kawo mini katako domin in zana masa alamar rumfarsa.

A lokacin shekarata arba'in da ɗaya, kuma daga unguwar Akwa zuwa Bonaberi da wuya ka ga shagon aski mai daraja wanda ba ni na zana kawunan da ke ƙofarsa ba. Sai dai haruffa kwaikwayonsu nake yi kamar zanen atamfa. Ban san abin da suke faɗa ba, ban kuma yarda wani mahaluki ya sani ba. Théophile ya miƙo mini takardar abin da yake so a rubuta, na riƙe ta a juye. Bai yi dariya ba. Ya karɓa kamar zai kakkaɓe mata ƙura, ya mayar mini da ita a daidai.

"Maigida Barnabé," in ji shi, "daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu ba kowa a rumfata, daga ni sai inuwa. In kana sha'awar inuwa, ka zo."

Shekara biyu na yi ina zuwa shan inuwar nan. Ba mu da littafi, sai takardun da ke zuwa cikin kwalin agogo da katin shaidarsa. Layin farko da na rubuta a duniya ba tare da kallo ba, sunansa ne.

Gajeren mutum ne siriri, mai ɗaura laktaye ko da zafi na narka kwalta. Ranar Lahadi da safe yana cikin mawaƙan coci. Da ƙarfe huɗu na kowace yamma yakan kulle rumfa, ko da minista ne tsaye da agogo a hannu, domin mahaifiyarsa, Mama Sikè, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Shi ke yi mata wanka, shi ke shafa mata manja a baya, shi ke juya ta kada kwanciya ta ci mata fata, shi ke yayyanka mata miyondo, wato tuwon rogo, ƙanana ya tsoma a miyar ganyen ndole ya sa mata a baki. Gidan na gado ne, babban wansa Guillaume ke riƙe da shi. In an tambayi dalilin da bai yi aure ba, 'yan gida kan ce tsohuwa ce ta riƙe shi, kowa ya gamsu.

Akwai wani Anatole, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, wanda kowace Asabar yake kawo agogonsa a duba. Shekara takwas ina ganin agogon nan a kan teburin Théophile, ban taɓa ganin ya yi lattin daƙiƙa ɗaya ba. Na fahimci ba agogon ke kawo shi ba, ban tambaya ba. Da Anatole ya rasu a 2011, Théophile ya tsaya can baya cikin maƙwabta a wurin jana'iza, ya yi wa dangi ta'aziyya kamar kowane baƙo, ya dawo ya yi wa uwarsa wanka da ƙarfe huɗu.

Bayan wannan ne ya kai ni wani gida a unguwar Bepanda, wurin wata mai gasa kifi, inda maza masu son maza da mata masu son mata ke taruwa ranar Lahadi da rana su kalli gajerun finafinan da irinsu suka yi a wasu ƙasashe. Bangon da suke haska fim suke so a shafe musu da farin fenti, shi kuma ya ce ya san mai buroshin da bakinsa ke rufe. Akan rataye barguna a tagogi, a tara wayoyi a cikin kwano a bakin ƙofa, domin a ƙasar nan abin da suke yi na kai mutum kurkuku. A can ba mai kiran sunan katinsa. Shi Tonton Minit suke ce masa, wato Baffa Minti, saboda ba wanda zai shigo a makare bai ji adadin mintinsa ba.

A 2018 wata yarinya mai suna Mireille, wadda ta koyi ɗaukar hoto a wurin masu bidiyon biki, ta ce sun gaji da kallon hawayen wasu, za ta yi fim nasu na kansu. Labarin agogon Anatole ta zaɓa. Ta shimfiɗa ƙa'idoji: ba fuska, ba muryar mai labari, ba wata alamar da za ta nuna unguwa. Hannuwan Théophile kawai aka ɗauka suna kwance agogo suna mayarwa, wani dabam ya karanta maganarsa. Minti tara ne duka.

Saura sunayen da ake nunawa a ƙarshe. Al'adarsu ita ce ba a rubuta jerin suna a takarda, domin takarda na faɗawa hannun da bai kamata ba. Kowa zai zo wurin mai zanen allo shi kaɗai, ya raɗa masa sunan ƙaryar da ya zaɓa. Ni ne mai allon.

Achille, wani kuku mai bakin tsiya, shi ya fara zuwa.

"Baba mai fenti, rubuta Sarauniyar Bepanda ta Farko. Da ruwan zinariya, ka ji? Kada ka yi mini irin rubutun mai askin nan naka."

"Sarauniya da sanƙo?" na ce.

"Kambi zai rufe. Kai dai ka yi aikinka, ɗan makarantar tsufa."

Théophile ya zo daga ƙarshe, ya duba agogonsa, ya ce, "Sa Jean Lobè."

"Jean Lobè kuma? A Deido in ka kira Jean Lobè mutum ashirin za su waiwayo, har da karen maƙwabta."

"Shi ya sa, mola, abokina. Rubuta shi ƙarami, can ƙasa."

Kwana biyu allon na jingine a ɗakina. Ina kallon gurbin da ya rage ina jin haushi. Mutumin da labarin nasa ne, hannuwan nasa ne, baƙin cikin nasa ne, a binne shi a ƙarƙashin sunan da ko kare bai mallaka ba? Na gaya wa kaina cewa fim ɗin Turai za shi, ba mai ganinsa a Deido. Na gaya wa kaina cewa girmamawa ce, cewa ɗalibi na biyan malaminsa. Gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba ita ce, sunansa na gaskiya shi ne abin da hannuna ya fi ƙwarewa a kai, kuma na so Turawa su ga yadda nake lanƙwasa harafinsa na farko. Na rubuta shi cikakke, a sama, da shuɗin fenti. Mireille ta ɗauki hoton allon ta yaba. A zatonta sunan ƙarya ne kamar sauran, tunda ita Tonton Minit kaɗai ta sani.

Fim ya tafi wani bikin gajerun finafinai a ƙasar waje, masu bikin suka ɗora shi a intanet. Sai bayan wata biyu muka kalle shi a Bepanda. Da allon ya fito aka yi tafi, Achille ya miƙe yana gaisuwar sarauta. Théophile na kusa da ni. Ya ga sunansa a sama. Bai dube ni ba. Ya jira aka raba wayoyi, ya ɗauki tasa, sai da muka kai bakin titi ya yi magana.

"Barnabé, uwata tana da rai."

Abin da ya faɗa ke nan, ya tare ɗan acaɓa ya tafi, domin huɗu ta kusa.

'Yar Guillaume ce, mai karatu a Beljiyam, ta ci karo da sunan. Da murna ta tura shi zauren hirar dangi a waya tun kafin ta kalla, wai baffanta ya fito a fim. Ran Asabar aka tara iyali a tsakar gida, aka fito da Mama Sikè a kujera, aka kunna mata mintin tara ɗin nan. Ta san hannuwan da ke yi mata wanka. Guillaume ya ba ƙanensa zaɓi: ya bar gidan cikin kwana biyu, ko a kira 'yan sanda. Théophile ya durƙusa gaban uwarsa, ta juyar da fuska ga bango da ɓarin da ke motsi.

Da labari ya kai Bepanda, Mireille ta zo wurinsa da kuka za ta sa a sauke fim ɗin, tana neman sanin yadda aka yi. Ya ce mata shi ya zaɓi sunansa da kansa, ta bar fim ya yi aikinsa. Tun daga ranar, matasan Bepanda ke ba da labarin dattijon da ya ƙi ɓuya. Biyu daga cikinsu sun nuna fuskokinsu a fim na gaba saboda shi. Ina zaune ana wannan yabo, ana miƙo mini kifi, ina ci.

Ya koma garin Nkongsamba, inda ba wanda ya san shi. Bayan wata bakwai Mama Sikè ta rasu. Sai da aka rufe ta aka sanar da shi.

Shekara uku ban iya zuwa ba. Da na je, na same shi a gefen tashar mota, da ɗan tebur, babu alama a sama. Laktayen na nan. Ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa, ya dube ni.

"Ka makara," ya ce. "Zauna."

Na faɗi duk abin da na shirya a hanya. Ya saurara har ƙarshe.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai? Na yi niyyar sa sunan. Da hannunka ma. Jira nake tsohuwa ta kwanta da sauran mutuncinta. Da ka tambaye ni, mola. Tambaya kawai."

"Ka yafe mini."

"Ina kan ƙoƙari. Ban kai ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka je ka gaya wa yaran nan ba jarumi ba ne ni, kada wani ya jefa kansa rijiya don koyi da ni. Tunda ka iya rubutu, rubuta musu. Sunan kuma sa shi, yanzu ba abin da ya rage masa ya ci."

Ya ɗauki wani agogo, ya ajiye bai buɗe ba.

"An ce ka je gidan kafin ta rasu."

"Na je sau ɗaya."

"Suna juya ta?"

Na san amsar da za ta ba shi barci, kuma ta zo har bakina. Amma na riga na taɓa zaɓar masa abin da na ga ya fi masa kyau.

"Ba sa yi sosai," na ce. "Bayanta duk gyambo ne."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana kallon tafin hannuwansa. Daga nan ya ce motar Duwala ta ƙarshe tana tashi da ƙarfe uku, in hanzarta kada in rasa ta.

Wannan ita ce ganawarmu ta ƙarshe, ranar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021.