Hutun da Yanzu-yanzu Ta Ajiye

A ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Yanzu-yanzu muke ce mata, saboda amsarta ke nan ga komai. A ce ana neman zanen gado a hawa na uku, ta ce, "Yanzu-yanzu." A ce wani baƙo ya aiko da rigarsa yana sauri zai shiga taro, ta ce, "Yanzu-yanzu," kafin ka rufe baki ta fitar da karin guga a hannun rigar ɗaya. Ita ce mai guga, ni ce mai ninki, teburina yana jikin nata, don haka duk abin da ta goge a hannuna yake faɗowa. Shekara da shekaru ina haki a bayanta, ina mita, ina kuma ƙaunarta kamar cikinmu ɗaya.

Ɗakin namu a ƙarƙashin ginin yake. Ba taga, sai injinan wanki masu ruri tun safe, da tururi, da warin sitaci da yake bin mutum har gida. A nan ta ba ni labarinta, gutsure-gutsure, tsakanin wannan tawul da wancan. Babanta mai wanki da guga ne a bakin titi, ita ce 'yar fari, kuma innarsu ba ta da lafiya. Tun tana ƙarama take kifa bokiti ta hau don ta kai tsawon teburi, ta ja dutsen guga na gawayi da hannu biyu. In ta gama da wuri ta je makaranta, in ba ta gama ba makaranta ta wuce ta. Saurin nan ba na ganin dama ba ne, da shi ta tashi.

Maigidanta direban babbar mota ne, mutum mai shiru-shiru, in ya tafi sai ya yi mako ba a ga ƙeyarsa ba. Sun daɗe da aure ba haihuwa. Sau biyu ciki yana zubewa, sau biyu tana dawowa bakin teburi da jajayen idanu ta ce mana tururi ne. Da na ukun ya zauna, ba ta faɗa wa kowa ba sai da rigar aiki ta ƙi rufuwa.

Washegari ta ja hannuna zuwa ofishin ma'aikata. "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Zo ki taya ni ji, kunne biyu ya fi ɗaya."

Matar ofishin, wata mai gilashi da ba ta da faɗa ba ta kuma da dariya, ta yi mana bayani dalla-dalla. Hutun haihuwa wata uku ne, da albashi cikakke. Yana fara tafiya daga ranar da mace ta ajiye aiki, ko ranar da ta haihu, duk wadda ta riga. In ya ƙare ya ƙare. Mai son ƙari za ta iya nema, amma ba albashi.

"Maigidanki fa, ana ba su wani abu a wurinsu?" in ji matar.

Yanzu-yanzu ta yi dariya. "Ranki ya daɗe, su da tafiya ake biyansu. Ranar da taya ba ta juya ba, tukunya ma hutawa take."

Muna saukowa ta gama shirinta. Ba za ta taɓa ko kwana ɗaya kafin haihuwa ba, za ta yi ta guga har naƙuda ta zo ta same ta, don wata ukun nan kaf na ɗanta ne. Na ce mata, "'Yar nan, ki bi a hankali. Sauri ya haifi nawa." Ta ce, "Nawa saurin ɗa zai haifa, Yaya, ki zuba ido."

Naƙudar kuwa ta zo ta same ta a bakin teburin, amma tun cikin yana wata bakwai. Da hantsi ne, tana tsaka da rigunan filo, sai na ga ta dafa bango ta kira sunana. Motar kai kaya ta otal ce ta kai mu asibiti. Kafin la'asar ta haifi namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi, aka wuce da shi ba ta ko gan shi da kyau ba. Aka saka shi a kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake ajiye jaririn da bai isa fitowa ba.

Da na koma na ba abokan aiki labari, mai kula da injin wanki ya ce, "To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Muka yi dariya, dariyar da ake yi don kada a yi kuka. Nas-nas ma Ɗan Gaggawa suka sa masa.

Na je na gan shi sau ɗaya ta bayan gilashi. Duk tsawonsa bai wuce dutsen guga ba, ga siririn tiyo a hanci, ƙirjinsa yana ɗagawa da sauri-sauri. Iyaye mata suna jere a kan benci a waje, kowa da ɗan kofin tatsar nono. Lokaci-lokaci a kira mace ta wanke hannu, ta zura shi ta wata ƙofa a jikin kwalbar ta taɓa ƙafar ɗanta. Sauran yinin zaman jira ne, kuma ban taɓa ganin abin da yake ci wa Yanzu-yanzu rai kamar zaman jira ba.

Babbar nas ce ta faɗa mata gaskiya. Yaron zai zauna har ya cika watanninsa, wataƙila ya ɗara. In kuma an sallame shi, a lokacin ne aiki zai fara: a manne da ƙirjin uwa zai yini, a ba shi nono kaɗan-kaɗan ba dare ba rana, ba irin yaron da ake bar wa maƙwabciya ba ne.

"Yaya," ta ce min a kan bencin nan, "hutuna zuba yake a ƙasa. Ina zaune ina kallon gilashi yana ƙarewa. Ranar da za a miƙo min shi, ranar ce za a ce in dawo aiki."

"Ki nemi ƙarin nan mana."

"Marar albashi? Kwalbar nan kuɗi take ci. Babansa ma bai kwana uku a gari ba ya koma hanya saboda ita."

Gaba kura, baya sayaki.

Ita ce ta samo dabarar, don kanta ba ya zama. Jikinta bai gama komawa ba ta hau matakalar ofis tana dafa ƙarfe, ni ina biye. Ta ce wa mai gilashi tana so ta yi ajiya. Ta dawo aiki yanzu da yaron yake hannun likita, a riƙe mata sauran hutun, ranar da aka sallame shi ta zo ta karɓi abinta.

Matar ta buɗe dokar ta duba sama ta duba ƙasa. Wanda ya rubuta ta bai taɓa jin labarin kwalba ba. A lissafinsa ɗa a kan kari yake zuwa, ya bi uwarsa gida washegari. Babu inda aka ƙara wa uwar bakwaini ko yini, babu inda aka ce a raba hutu, babu kuma inda aka hana. Aka kai maganar gaban manaja. Ya saurara, ya tausaya, ya ce in likita ya yarda shi ma ya yarda. Yanzu-yanzu ta durƙusa har ƙasa tana cewa, "Na gode, Yallaɓai, Allah Ya saka." Ni kuwa raina ɓaci ya yi. Mace da ɗanyen jiki tana godiya don an bar ta ta tsaya a kan ƙafa yini guda cikin tururi.

Haka ta shiga sabuwar rayuwa. Da sassafe ta biya asibiti ta miƙa nono ta leƙa shi, ta kamo mota ta iso kafin kowa. Lokacin cin abinci ta shige ɗakin ajiye tawul ta tatsa, mai dafa abinci ya saka mata a firji a bayan kwalaben madara. Wani lokaci tana guga nonon ya jiƙa gaban rigarta, ta yafa tawul ta ci gaba. Da yamma ta sake rugawa, wata rana ta samu a bar ta ta zura hannu, wata rana ta tarar likitoci suna ciki an rufe ƙofa.

Yaron kuwa yana ta ƙoƙari. Kullum da labarin sikeli take shigowa: ya ƙaru, ya buɗe ido, ya riƙe mata yatsa. Da ya ɗan yi ƙwari sai aka fara fito da jariran da tsakar rana ana ɗora wa iyayensu a ƙirji. Da tsakar rana ita tana ƙarƙashin otal. Ranar hutunta ta mako kaɗai take samu, kuma in ta dawo sai ta yi ta shafa wurin da ya kwanta.

"Sauran matan kullum suke ɗauka," na ce mata, don bakina ba ya shiru.

"Su nasu hutun suke cinyewa, Yaya. Ni ina da ajiya. Zan rama. Har sai ya gaji da ni."

In an tashi aiki takan fito da 'yan rigunan da ta saya masa ta bi su da guga, alhali ko sawa ba a yi ba. Ni nake ninkewa. Ninki biyu sun ƙare.

Dokar ɗakinmu ita ce waya a cikin loka, akwatin ƙarfen da muke ajiye kayanmu, take yini. Ranar da abin ya faru an yi ta kiran tata tun safe tana ruri a cikin ƙarfe, injina kuma suna nasu rurin. Sai wajen azahar asibitin suka samo lambar otal, aka haɗo su da wayar bangon ɗakinmu. Suka ce zazzaɓi ya shigi yaron, jikinsa ya rikice, ta zo. Ina tsaye na ji ta ce, "Yanzu-yanzu." Ko dutsen ba ta kashe ba, ni na kashe.

A iya sanina da ita, ranar ce kaɗai ta makara. Kafin ta isa yaron ya cika.

Maigidanta yana can wani gari mai nisa da kaya a bayansa, sai washegari ya iso. Ya zauna a bakin ƙofa yana murza makullin mota. Bayan 'yan kwanaki ya koma hanya, don asibiti ba ta yafe abin da kwalba ta ci.

Mako bai cika ba sai ga ta a bakin teburi da rigar aiki. Ta ce ɗakin ya yi mata shiru, gara ƙarar inji. Ba ta gama zanen gado na biyu ba aka aiko kiranta ofis, na ajiye ninki na bi ta.

Mai gilashi ta yi mata gaisuwa, har ta cire gilashin ta goge ido. Sannan ta ce ajiyarta tana nan, ba wanda ya taɓa. Tunda an haifi yaron da rai, hutun haƙƙinta ne, da albashinsa, kuma manaja ya ce lallai ta je ta huta.

"A ci gaba da riƙe min, ranki ya daɗe. Ko Allah zai sa a sake samun rabo."

"Ba a kai hutun wata haihuwa kan wata. Kowace da nata."

"To a ba wata. Mai sharar hawa na biyu ta kusa."

"Ba a bayarwa."

"To na yafe."

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. An riga an sa hannu, an ɗauko mai riƙe miki teburi. Daga gobe ne."

Babu wanda ya cuce ta, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da akwai mugu a ciki da na samu wanda zan zaga. Kowa ya cika alkawari. Yaron ne kawai ba a tambaye shi ko zai jira ba, kuma kwanakin da ya yi a duniya su ne kwanakin da uwarsa ta yi tana goge wa baƙi zanen gado.

Na je duba ta wata ranar da ba ni da aiki, da rana tsaka. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, an share tas, ba abin da ya rage a yi. Dutsen gugarta na gida yana kan taga, an naɗe masa wayarsa. 'Yan rigunan suna kan gado yadda na ninke su. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, hannunta ɗaya a ƙirji.

"Sun biya ni, Yaya," ta ce. "Cif. Ko kwana ɗaya ba su ci min ba."

Na yi 'yan maganganun da ake yi, na haƙuri da na rabo, duk suka faɗi a tsakaninmu ba wanda ya ɗauka. Da zaman ya yi min nauyi na jawo jakata na ce bari in kama hanya kada mota ta yi wuya.

Ta ɗago ta dube ni. "Saurin me kike yi, Yaya? Zauna. Ni hutu nake."