Alamar Tambaya a Gurbin Surukina

Ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama, ita ma da ƙyar, sai wani tsohon akawu ya koya mini tafireta. Shekarar da anka yanke mu daga Sakkwato anka ce mun zama jihar kanmu, ina zaune da tebur a bakin titi a Jega, ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta sayen gona. Da zamanin tafireta ya wuce na sayi kwamfuta ta hannu, na kama ɗan shago, na koye ta yadda jaki ke koyon hanyar gida: nan a danna, nan kar a taɓa.

Hali guda ne ban iya bari ba. Ba na iya buga kalma sai na faɗe ta da baki. Turanci nake bugawa wanda rabinsa ban san abin da yake nufi ba, in ban furta ba yatsana ɓata yake yi. Maƙwabtan shago har cewa suke kullum cikin wazifa nake. Su yi ta faɗa. Da wannan wazifar na ciyar da gida.

Bayan an buɗe jami'a nan kusa da mu a Aliero, autan su matata ya shiga, yana karatun noma. Tun yana tsirara nake tsokanarsa yana ramawa. Da ya kai shekarar ƙarshe ya rubuta kundinsa a kan adana albasa, yadda za ta kai damina ba ta ruɓe ba. Littattafan Turawa ya karanta, amma ƙashin bayan aikin daga bakin ubansa ya fito, wato surukina, manomin albasa a Gumbin Kure. Tsohon nan in ya kafa rudu, rumfar karan da ake ɗagawa bisa ƙasa a shimfiɗa albasa ciki, har daga Maiyama ake zuwa kallon yadda ya bar wa iska hanya. Yaron ya zauna da shi ya yi ta tambaya yana rubutawa.

Ya zo mini da kundin rubuce da hannu, da wani faifai.

"Mijin Yaya, wanga aiki ba irin takardun gonarka ba ne. Malaminmu ya dawo daga waje da sabon tsari, ya ce kowa da shi zai buga."

"Tsarin ya san hanyar Jega ko sai an rako shi?"

"Kai dai matsa in sa maka shi, tsoho."

Ga yadda abin yake. Duk wanda aka ɗauko maganarsa, marubuci ne ko wanda aka yi hira da shi, ana rubuta cikakken sunansa da shekara a wani fayil daban, a ba shi ɗan laƙabi. In kana buga babi ka zo inda aka dogara da shi, laƙabin kawai za ka sa tsakanin baka biyu. Injin shi zai je ya ɗauko cikakken suna ya aje a wurin, ya kuma jera kowa da kowa a shafin ƙarshe, wanda suke kira manazarta. Yaron ya zauna ya buga wancan fayil ɗin da hannunsa, laƙabin kowa ya yi shi da sunan mutumin. Babobin ya bar mini.

Na yi ta bugawa ina wazifata, Bature bayan Bature, har na iso inda ubansa ya fara magana. Ga sunan surukina a takarda, tsirara, ba ko Malam a gabansa.

Tunda na auri 'yarsa wannan suna bai fito daga bakina ba. Ko yaro na gamu da shi mai sunan, mai sunan Baba nake ce masa. Mutumin da nake cire takalmi tun daga bakin zaurensa, shi zan zauna kan kujera in kira kai tsaye don an sa sunansa cikin baka biyu? Na buga baba na wuce. Duk inda ya fito, baba na sa. Ba mantuwa na yi ba, kuma har gobe ban ga laifina ba. Yaron da bakinsa ya ce laƙabi ba ya fitowa a takarda. Na ɗauka inji mai wayon ɗauko sunan Bature daga wani fayil ba zai kasa gane uban mai kundi ba.

Ana sauran kwanaki kaɗan a miƙa kundi, babur ya kayar da yaron a hanyar Aliero. Hannun dama da ƙafa duka sunka karye. Anka kwantar da shi gidan wani mai ɗori a can, an ɗaure shi da kara awa dami. Malaminsa ya yi masa uzurin zuwa, amma ya ce kundi dai ya iso ranar Litinin tare da na kowa, in ba haka ba sai baɗi.

Na danna abin da ya nuna mini in danna. Takarda ta fito, duk inda suna ya kamata ya zauna alamar tambaya ce zaune. Na kira shi a waya.

"Injinka tambayata yake yi, ni kuwa ban da amsa."

"Sake dannawa. Karon farko leƙawa yake yi, sai ka maimaita sannan shi gane."

"Ashe shi ma ɗan boko ne, sai an faɗa masa sau biyu."

Na maimaita. Turawa duk sunka fito, kowa da shekararsa, sun jeru a shafin ƙarshe. Amma babin rudu, wanda shi ne cibiyar kundin, alamar tambaya na nan birjik awa an watsa gero. A manazarta kuma babu tsohon sam. Na kashe injin na kunna. Na zare faifai na goge da gefen riga na mayar. Na zargi janareto har na canza masa mai. Abu ya ƙi.

Na buga shafukan, waɗanda na shigar da waɗanda injin ya fitar, na hau mota zuwa Aliero. Na ishe shi kwance kan tabarma, ƙuda na damunsa ba hannun kora. Na riƙe masa takardun bisa fuska. Bai daɗe yana dubawa ba ya rufe ido.

"Mijin Yaya. Mi na rubuta a nan, mi ka buga?"

"Abin da ya kamata na buga."

"Injin bai san wani baba ba! Laƙabin da ke cikin babi sai ya zama daidai da na cikin fayil, harafi da harafi. Ya je neman baba bai ishe kowa ba, shi ya sa yake tambayarka."

"To rashin tarbiyyarsa ce."

Mai ɗorin, wani dattijo da ke murza magani a gefe, ya tuntsire da dariya. Yaron bai yi dariya ba.

"Koma ka buga sunan yadda yake. Ba kiransa za ka yi ba, maɓalli za ka danna."

"Ka taɓa ganin na danna ban faɗa ba?"

"To rufe bakin!"

"Kai da ka iya rubuta sunan ubanka ba ko gezau, tashi ka je ka buga."

Wannan ta yi masa zafi, na gani. Ya juya fuska bango. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To cire shi. Goge wuraren duka. Malam ma ya ce hira da baki ba dole ta shiga manazarta ba. Maganar ta tsaya, sunan ya fita, in samu in miƙa."

"A bar iliminsa a cire shi? Turawan da ba su taɓa shaƙar ruɓaɓɓiyar albasa ba su zauna a jere, mai rudun a kore shi? Ba a shagona ba."

"Shekara guda za ka ja mini saboda kunya."

"Kunyar ce ta sa anka ba ni yayarka."

Na kwashe takarduna na fito.

Ba zan ce ban gwada ba. Na koma shago na cika baki da goro, na ɗora yatsa kan harafin farko. Yatsan ya tsaya. Baki a rufe, amma zuciya ta riga ta fara kiran sunan, kuma kira a zuci ma kira ne. Na tofar da goron.

Sai na kira mai kemis na kusa da ni, wanda ya yi sakandare, na nuna masa wurin a takarda da tsinke na ce ya buga. Ya zauna da yatsa ɗaya yana fankama. Garin gyara ya haɗa da baka ɗaya ya goge, bai ma san ya yi ba. Da na danna, injin ya ƙi fitar da komai, ko alamar tambayar ma babu, sai wani dogon surutu da Turanci. Na kore shi. Yini guda na kashe ina bin layi-layi da tsinke ina neman bakan da ya ɓata, na mayar da baba inda ya taɓa. Na dawo inda na fara, ga Litinin na ƙaratowa.

Matata ta ishe ni ina cin tuwo.

"Malam, ka buga masa mana. Baba ba zai ji ba."

"Ke faɗi sunan in ji."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"To kin gani."

"Ni ai ba ni da inji," ta ce, ta ɗauke kwanon tun ban gama ba.

Ranar Asabar na sake hawa mota da takardun, har da ta fayil ɗinsa. Na ishe yaron ya faɗa, idanu sun zurma. Na zauna ban ce masa sannu ba, shi ma bai gaishe ni ba. Mai ɗori ya dube mu ya ce, "Ƙashi biyu in sun ƙi haɗuwa, ba duka ake ja ba. Guda ake kamawa a kai shi wurin ɗan'uwansa." Shi zancen sana'arsa yake yi, don a lokacin hannun wani yaro yake dubawa. Amma na ga autan ya ɗago kai.

"Ba ni takardar fayil ɗin nan da na buga."

Na riƙe masa. Ya daɗe yana kallo.

"Taurin kanka ya hana ni tunani. Laƙabin nan ba dole ya zama suna ba, ko jaki ka sa injin bai damu ba, in dai nan da can sun zama ɗaya."

"Kul ka haɗa Baba da jaki."

"Saurara mana! Bar babobinka yadda suke. Buɗe fayil ɗina, ka nemo wurin Baba. Layin farko, bayan baka, kafin waƙafi, nan laƙabin yake. Shi kaɗai za ka goge ka sa baba. Layin ƙasa inda cikakken sunan yake, kar ka taɓa, ni na riga na buga shi. Gogewa ma sai ka faɗa da baki?"

"Gogewa shiru nake yinta."

"Alhamdu lillahi. Ashe akwai abin da kake yi shiru."

"In ka warke zan karya ɗayan hannun."

Na koma Jega. Na buɗe fayil ɗin, na sa katin waya na rufe layin ƙasa, na kai ɗan layin nan mai ƙyaftawa ƙarshen laƙabin na yi ta gogewa da baya ina salati. Na buga baba, na faɗe shi da ƙarfi har mai kemis ya leƙo. Na danna, na sake dannawa yadda ɗan bokon inji ke so. Alamar tambaya ta watse. A shafin ƙarshe na ga an ƙara layi tsakanin Turawa biyu, da Gumbin Kure a ƙarshensa. Ƙarshen layin kawai na karanta. Injin ya kira sunan, shi da ba ya auren 'yar kowa.

Na kai kundin anka yi masa bango, wani abokin karatunsa ya miƙa ranar Litinin.

Har yanzu in an taru yaron na ba da labarin nan, yana cewa na kusa cinye masa shekara. Ni kuwa cewa nake da na bi tasa, da yanzu kundin na can cikin ɗakin karatu ba uban kowa a ciki. In ya ji haka sai ya canza zance.

Na buga kwafin kundin ɗaya na daban. Bayan an kwashe albasa na kai wa tsohon Gumbin Kure. Na cire takalmi a bakin zaure, na durƙusa, na buɗe masa shafin ƙarshe. Shi allo ya yi, bai san boko ba. Ya juya kundin, ya shinshina bangon, ya ce, "An ce ina ciki."

"Kana ciki, Baba."

"To karanta mini in ji yadda sunka rubuta ni."

Mutanen da ke zauren sunka zuba mini ido, wani har ya fara murmushi. Tsohon ma na ga gefen gemunsa na motsi. Ya san abin da yake yi sarai.

Na kama yatsansa na ɗora kan layin.

"Ga ka nan, Baba," na ce. "Daga nan zuwa nan."