Hannun Baba na Dama

Ranar wata Laraba ce, kakar da nake aji uku a firamare, wuta ta cinye rabin garinmu, can wajen Makoda. An gama yankan dawa, rumbuna sun cika, mu 'yan mata mun ci kwalliya mun fito dandali da la'asar. Babana ne makaɗin garin, ya rataya gangarsa, samari na ta juyi. Sai man mai ƙosai ya kama da wuta, ta lashi dangar kara, iska ta kwashi wutar ta watsa kan jinkaye. Na ga akuya tana gudu da wuta a gadon bayanta, na ji gero na fashewa cikin rumbu kamar ana gugguru. Baba bai gudu ba. Ya haye juji ya dinga dukan gangar neman ɗauki, har mutanen ƙauyukan kewaye suka iso da tuluna.

Washegari, bayan an binne tsofaffi biyu da hayaƙi ya kashe, waɗanda hatsinsu ya ƙone suka zo ƙofar gidanmu. "Kiɗanka ne ya jawo mana fushin Allah," in ji Ɗanlami, wanda Baba ya yi wa kiɗan aure kyauta. Suka jawo shi daga zaure, suka farke gangar da lauje, suka danne hannunsa na dama a kan turmi, Ɗanlami ya sauke masa taɓarya. Inna ta rufe min ido, amma ƙarar ƙashin ta riga ta shiga kunnena. Har gobe ban yafe ba.

Daga nan garin ya yi tsit. Aka riƙa ɗaura aure kamar zaman makoki, ana gayya ba ganga, mu ma gaɗa ta gagare mu.

Bara 'ya'yan garin suka gina zauren kiɗa na zamani a kan filin dandalin nan, da kujeru da fitilu da lasifika. Duk Asabar yanzu cika yake, har daga Kano ake zuwa. Ranar buɗewa aka hau da Baba kan dandamali, aka miƙa masa sabuwar ganga, jama'a na tafi, har da Ɗanlami da furfurarsa. Baba ya sa hannu zai kama sandar kiɗan, yatsun suka ƙi rufuwa, ta faɗi ƙasa. Ya yi murmushi, ya nuna wani yaro cikin sababbin makaɗa, ya ce da ni, "Hajara, ɗauka ki ba yaron can."

Kiɗa ya dawo garinmu, na kuma ji daɗi. Sai dai ya dawo ya tarar da hannun ya mutu.