Ƙwaryar Alhaji Barau

Cikin duk ranakun aikina, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da aka jera mana ƙorai a bayan zana aka ce mu zuba tsakuwa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da tsari, kuna zaton haka yake tun fil azal. Ba haka ba ne. Zan faɗa muku yadda aka yi daki-daki, ku bi ni a natse.

Sai na fara da yadda wurin yake, saboda wanda bai san aikin ba. Masana'antarmu ta man gyaɗa tana wani ƙauye arewa da Ɗambatta, gonaki sun kewaye ta har gindin katanga. Alhaji Barau ne ya kafa ta da ɗan inji guda. Aikin yana bin layi: a sayo gyaɗa, a auna, mata su tsince su sheƙe, a soya, inji ya matse, a tace man a ɗura a jarkoki, tunkuzar da ta rage kuma masu kiwon kaji da shanu su saya. Ni, Lawan, ni ne shugaban ma'aikata. Malam Isiya ke riƙe da inji. Inna Tabawa ce shugabar mata masu tsinta. Alhaji kuwa yana kan tabarmarsa a gindin darbejiya, yana fuskantar ƙofa, ba abin da ke shiga ko fita sai da izininsa.

A ƙarshen wata damina, gero ya fara nuna, sai ga wata malamar jami'a daga Kano, Dakta Hadiza, da ɗalibanta. Ta durƙusa ta gai da Alhaji yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce fanninta shi ne binciken yadda ake tafiyar da ma'aikatu, da abin da ke sa wani kasuwanci ya ɗore wani ya mutu.

Alhaji ya ce, "To, Dakta, mu dai lafiyarmu ƙalau. Ko kin ji muna tari ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe, ai mai lafiya nake nema. A kowace kasuwa akwai labarin attajirin da ya rasu, shekara ba ta zagayo ba aka garƙame shagonsa. Ina so in gane dalili tun ana da lafiya."

Alhaji ya ba ta izini. Ta yi kwanaki tana kallon aikinmu, ba ta gyara wa kowa komai ba. Ni dai a raina na ɗauka irin masu zuwa ne su ɗauki hoto su tafi.

Ranar da nake faɗa muku, ga yadda ta tsara. Da yake yawancinmu ba mu yi zurfi a boko ba, ba ta ba kowa takarda ba. Ta sa aka kafa zana a gefen sito, aka jera ƙorai a bayansa, kowace da alamar mai ita: hular Alhaji kusa da tasa, makulli kusa da tawa, sifana kusa da ta Isiya, faifai kusa da ta Tabawa. Kowace ƙwarya an rufe ta da ƙyalle. Sai ta yi tambaya a bainar jama'a, kowane ma'aikaci ya shiga bayan zana shi kaɗai, ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda yake zuwa wurinsa da wannan matsala. Ba wanda ya ga hannun wani.

Ta ce: in inji ya sake murya, wa kake faɗa wa? Muka shiga muka fito. In an kawo gyaɗa, wa ke cewa a sauke? In mai ya fito da gurɓata fa? In ɗanka ba lafiya kana son tafiya gida? Haka ta yi ta jero su. Ana tsakiyar yi sai wata ɗalibarta ta fito ta raɗa mata magana, aka aika gidan maƙwabta aka aro masaki. Ashe ƙwaryar Alhaji ce ta cika.

Da aka gama aka kawo ƙoran gaban tabarma aka yaye ƙyallayen. Masakin Alhaji ya yi tozo. Sauran kuwa, sai ka leƙa kafin ka ga abin da ke ciki. Alhaji ya washe baki ya ce, "Kun gani ko? Kowa ya san uban gidansa." Muka ce, "Haka ne, Alhaji, Allah ya ja kwana."

Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka ɗaga mana shi?"

Ya sa hannu biyu, ya yi nishi, masakin ya ɗan motsa ya koma. Ya ce, "Kai! Da nauyi."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan kake ɗauka kullum. Ka yi mini afuwa, tambaya ɗaya ta rage. In wannan masakin ya fashe, tsakuwar nan ina za ta?"

Isiya ya ce a'uzu billahi a hankali. Ni raina ya ɓaci, domin a tarbiyyarmu ba a tuna wa babba kabarinsa a gaban yaransa. Amma Alhaji bai yi fushi ba. Ya dubi masakin. Sannan ya jawo ƙwaryata ya girgiza, 'yan tsakuwar ciki suka yi ƙara kamar caki.

"Lawan, duk shekarun nan me kake yi mini?"

Na ce, "Ina kawo maka saƙo, Alhaji, in mayar da amsa."

Ya ce, "Ka yi gaskiya. Ni na mai da kai haka."

Abin ya girgiza ni. Na yi shekaru a wurin nan ban ga abin da ke gabana ba, mace ta zo da tsakuwar bakin hanya ta nuna mana shi a wuni ɗaya. Kafin ta tafi ta ba Alhaji shawara mai sauƙi: ya fara sakar mana ƙananan al'amura, kaɗan-kaɗan. Amma Alhaji Barau ba ya yin abu kaɗan-kaɗan. Bayan sallar Juma'a ya tara mu ya ce, "Daga yau har a gama kaka, ni baƙo ne a nan. Ina nan kan tabarmata. Sallama zan amsa, gaisuwa zan amsa. Maganar aiki kuwa, bakina a rufe."

Ku fahimci wahalar abin. Da tafiya ya yi, da sauƙi. Amma mutum yana zaune yana kallonka, kai kuma an raine ka a kan ba a yanke magana a gaban babba. Makon farko abin dariya ne. Isiya zai zo ya tsaya kusa da tabarma ya fuskanci bishiya, ya ɗaga murya: "Wannan bel ɗin na inji dai ya tsufa, ban san ko a sake shi ba." Alhaji yana jan carbi kamar bai ji ba. Tabawa ta leƙo daga rumfar tsinta ta ce, "Isiya, darbejiya kake kai wa rahoto? In ta amsa ka tambayar mana ita kuɗin faifai!" Da ya gaji ya je ya sake bel ɗin da kansa, sama kuma ba ta faɗo ba.

Babbar jarrabawar ta zo a tsakiyar kaka. Akwai Alhaji Ilu, dillalin gyaɗa daga wajen Shanono, abokin Alhaji tun suna samari. Shi ke kawo mana kaso mafi tsoka na gyaɗarmu, kuma ba a taɓa soke buhunsa an duba ba, domin amana ce tsakanin manya. Ran nan ya iso da mota shaƙe, a daidai lokacin da sitonmu ya kusa ƙarewa. Ana shirin saukewa Tabawa ta zura hannu cikin wani buhu, ta ɗebo ta ciza. Busasshiyar gyaɗa ƙas take yi a haƙori. Wannan shiru ta yi. Ta sa aka buɗe na tsakiya, sai ɗumi da warin danshi, ga fumfuna ta fara kama wasu. Ruwan ƙarshe ne ya doke ta a gona aka ɗure ba ta bushe ba.

Ga abin da ke gabanmu. In muka karɓa, man zai yi ɗaci, tunkuzar ta cutar da kajin mutane, sunan da Alhaji ya gina ya zube. In muka ƙi, mun kunyata amininsa a gabansa, inji kuma ya tsaya.

Alhaji Ilu ya taka har gaban tabarma. "Barau! Kana zaune yaranka suna soke mini buhu?"

Alhaji ya ce, "Ilu, zauna a kawo maka fura. Yaya mutanen Shanono?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ka ce su sauke!"

"Ni baƙo ne a nan, kamar kai. Ga masu wuri can."

Na kira Isiya da Tabawa bayan sito. Isiya ya ce mu karɓa mu gauraya da mai kyau, ba wanda zai gane. Tabawa ta ce, "Kajin za su gane." Muka ja, muka sassauta, muka tsaya a kan magana ɗaya. Na je na durƙusa gaban Alhaji Ilu na ce, "Baba, ga abin da muka yanke. Za a sauke a shanya a kan tampol, mata su tsince, wahalar a kanmu. Mai kyau mu saya, wadda ta lalace a mayar maka."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ɗin wa? Ina kawo gyaɗa gidan nan tun kana yawo ba wando!"

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma abin da muka yanke ke nan."

Ya juya ga Alhaji, ya jira. Na ga leɓen Alhaji ya motsa. Kalma ɗaya zai faɗa komai ya koma yadda yake. Bai faɗa ba. Alhaji Ilu ya shiga mota ya ce wa direba su tafi, suka fita da kayansu. Alhaji ya bi motar da ido har ta ɓace a cikin dawa, sannan ya tashi ya yi alwala. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na wannan shirun ba.

Kada ku zaci abin ya zo da daɗi. Inji ya tsaya na wasu kwanaki, ma'aikata suna zaune suna hararata. Tabawa ce ta kawo mafita. Tana da dangi a ƙauyukan Minjibir, ta san matan da ke da gyaɗa busasshiya a rumbu. Muka bi su gida-gida muna saye kaɗan-kaɗan har sito ya farfaɗo. A wannan kakar ce kuma Isiya ya fito da abin da ya daɗe a ransa, wato a riƙa suya da ɓawon gyaɗa maimakon itace. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce, "Wa ya tambaye ni?" Da kaka ta wuce Alhaji ya buɗe baki, amma bai koma yadda yake da ba. Har yau kuma bai taɓa ce mana mun yi daidai ko kuskure a kan maganar Ilu ba. Ilu bai sake kawo mana ko ƙwara ba.

Bayan kaka biyu, wata safiya Alhaji ya faɗi a ƙofar masallaci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka tafi da shi asibiti a Kano. Na tsaya a tsakar masana'anta ina kallon tabarma babu kowa, sai na ji inji ya tashi. Isiya ne. Mata suna sheƙa, ana auna gyaɗa a ƙofa. Kowa hawaye yake yi, kowa kuma yana bakin aikinsa. Da aka sallamo Alhaji daga asibiti, Ilu ya zo dubiya, ya zauna ya riƙe hannun abokinsa ya daɗe. Ni ya wuce ni bai amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Dakta Hadiza ta dawo bayan haka, domin ta ce binciken da ba a koma aka sake aunawa ba rabin bincike ne. Aka kafa zana, aka jera ƙorai, aka yi tambayoyin nan dai. Muka ɗauko Alhaji a kujera muka ajiye shi a gindin darbejiya. Da aka yaye ƙyallaye, ta Isiya da nauyi, ta Tabawa ta fi kowace, tawa ba laifi, har an ƙara ƙorai ga wasu da a da ba su da ƙwarya. Ta Alhaji 'yar tsakuwa ce a gindi, ta tsofaffin da suka kasa sake hali.

Muka ji kunyar ya gani. Sai ya yi nuni a miƙo masa. Na ɗora ta a cinyarsa. Ya sa hannun hagu, wanda ya rage masa, ya ɗaga ta sama har saitin fuskarsa, ya girgiza ta, ya yi wata dariya mara sauti da gefen baki. Dakta ta juya baya tana share ido da mayafi.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Ilimin gaskiya ba ya zagin kowa, nuna maka kanka yake yi ya bar ka da zaɓi. Shugaban kirki kuma shi ne wanda ya rage nauyin ƙwaryarsa tun yana da hannu biyu. Saboda haka in ɗayanku ya zo mini da tambaya na ce masa, "Kai yaya ka gani?", kada ya ce Malam Lawan ya tsufa ya fara ƙyuya. Ƙwaryata nake ragewa.