Ƙuri'ar Baba Mai Agogo

Baba Mai Agogo ya tsufa ne a bayan wani ɗan teburin gilashi a bakin kasuwa, madubi maƙale a ido ɗaya, ɗan hantsaki a hannu. Bai taɓa ce wa mutum agogonsa ya gyaru alhali bai gyaru ba, kuma haka yake zaɓe. Duk ɗan takarar da ya sani da ƙarya ko cin amana, ba zai dangwala masa ba. "Ƙuri'a shaida ce," yakan ce, "za a tambaye ni a kanta." Shi ya sa gwaninsa bai cika kai labari ba.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ba ta gaza shi riƙon addini ba, sai dai tunaninta daban. In ta ga mutum biyu kaɗai ke iya ci, takan bi wanda ɓarnarsa ta fi sauƙi.

Wata shekara mutum uku suka fito neman kansila. Akwai dillalin filaye da ya yi alkawarin gyara famfon layinsu, an kuma san yakan cika rabin maganarsa. Akwai ɗan kwangila da ko rabin ba ya cikawa. Sai wani tsohon malamin makaranta mai gaskiya, wanda ko fosta bai buga ba.

"Malam, ka sassauta wannan karon," Inna ta ce tana miƙa masa hula. "Malamin nan ba zai ci ba. Rage ɓarna ma ai ibada ce."

"Na ji ki. Hannuna ne ba zai iya ba."

Ɗan kwangila ya kayar da dillali da ƙyar, famfo ya ci gaba da bushewa. Maƙwabta suka yi ta yada magana, abin ya taɓa Baba, amma bai yi musu da kowa ba. Baro ya saya da jarkoki, kullum kafin ya fita kasuwa sai ya ɗebo wa gidansa ruwa daga layin baya, ya sauke wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da su jarka ɗaya.

"Sannu da tura shaida, Malam," Inna kan ce in ya shigo yana haki, shi kuma ya yi dariya.

Da 'yarsu ta tambaye shi wa ya fi gaskiya a cikinsu, cewa ya yi wataƙila uwarta, Allah ne masani. Har gobe tare suke zuwa rumfar zaɓe, ita ke riƙe masa 'yar kujera saboda ciwon gwiwa.